Wasiƙar da Baba Ya Ƙi Karantawa

Kwanana tara a Doha kafin na gane cewa ba asibiti za a kai ni ba.

Sunana Briskila Yohanna, nas ce ni. Shekara shida na yi a babban asibitin gwamnati na garinmu, uku a ɗakin tiyata, uku a ɗakin masu ciwon sukari. Kamfanin da ya ɗauko ni ya zube mu a wani tsohon gida a Al Asmakh, bayan shagunan masu sayar da katifu. Mu takwas a ɗaki ɗaya, gado bisa gado, na'urar sanyaya ɗaki tana tari tana ɗigar da ruwa cikin bokiti. Ni kaɗai ce mai jin Hausa. Idan 'yan Kenya suka kama hirarsu, 'yan Filifin suka kama tasu, sai in juya fuska ga bango ina tunanin abin da Mama ta ɗora a murhu.

Rana ta tara manajan kamfanin, wanda kowa ke kira mudir, ya aiko in je ofis. Fasfona yana cikin aljihun teburinsa tun ranar da na sauka.

"Babu asibitin da zai ɗauke ki sai kin sami lasisin ƙasar nan," in ji shi. "Lasisi kuwa ba ya fitowa sai masu tantance takardu sun rubuta wa inda kika yi aiki, can kuma sun amsa cewa sun san ki. Kafin nan akwai wata tsohuwa a Al Wakrah. Wanka za ki riƙa yi mata, ki ba ta abinci."

Na ce ai ba haka ejan ya faɗa mini a gida ba.

"Ejan yana gida, ke kina nan. Yalla, tashi ki je."

Raina ya ɓaci, amma hankalina bai tashi ba. Fayil ɗina yana nan a hukumar asibitocin jiharmu, da hotona da sa hannuna. Amsa wasiƙa ce kawai. Na san wanda ke zaune a kujerar shugaban hukumar, sai dai na ɗauka tunda na ƙetare teku, tsakanina da su ta ƙare.

Dole in koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za a gane ba.

Babana fasto ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, shekara ashirin da ɗoriya yana riƙe da ikkilisiya ɗaya. A jiharmu ba a san inda coci ya tsaya gidan gwamnati ya fara ba. Shugaban ikkilisiyarmu, Baba Bishop, shi ke miƙa sunayen waɗanda za a ba wasu manyan kujeru duk lokacin da aka kafa gwamnati. Mai neman aikin koyarwa ko na asibiti ya san wasiƙarsa ta fi takardar makaranta nauyi. Ba zan ɓoye ba, ni ma da wasiƙarsa na sami aikina, kuma ban tambayi wa aka ture don a ba ni ba. Ranar da ɗan ikkilisiyarmu ya zama gwamna, har da ni a masu rawa. Cewa muke yi yanzu mun sami baki.

Sai gwamnati ta karɓe fadamar ƙauyen Baba, inda mutane ke noman tumatir da albasa da rani. Aka ce babban aikin ci gaba za a yi, aka kewaye ta da waya. Wani ɓangare na filin aka ba hedkwatar ikkilisiya ta gina masaukin baƙi. Da zaɓe ya matso, aka aiko wa kowane fasto wasiƙa ya karanta a kan mumbari, wai duk mai tsoron Allah ya sake zaɓen ɗanmu. Baba ya ninke tasa ya sa a aljihu. Da dattawa suka tambaye shi, sai ya ce, "Ba zan tsaya gaban mutanen da aka ƙwace wa gona in ce su gode ba. Kowa ya zaɓi wanda zuciyarsa ta ba shi."

Bai zagi kowa ba. Iyakar laifinsa ke nan.

Gwamna ya koma kujerarsa. Aka dakatar da Baba daga wa'azi, aka fitar da su daga gidan fasto, suka koma ɗaki biyu da ƙanen Mama ya ba su. Ni kuma aka cire ni daga babban asibiti, aka shiga jefa ni daga wannan asibitin ƙauye zuwa wancan, sau huɗu cikin shekara guda, har na gaji na ajiye aikin. Shugaban hukumar asibitocin dattijo ne a babban cocinmu, kuma Baba Bishop ne ya ba da sunansa.

Gidan tsohuwar a Al Wakrah yana kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa. Da safe iska takan shigo da ƙarnin kifi. Jikokinta suna kiranta Yumma, ni ma na bi bakinsu. Ciwon sukari ya cinye mata yatsu biyu, akwai kuma gyambo a diddigenta. Sau biyu a mako wata nas mai lasisi takan zo ta wanke shi, ni kuma in tsaya riƙe da roba. Irin wannan gyambon ban san iyakar waɗanda na wanke ba. Wata rana na ga ta ɗaure bandejin ya matse sosai, na faɗa mata a hankali. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ina lasisinki?" Da ta tafi na sassauta shi da kaina, ina waige kamar ɓarauniya.

A gidan na haɗu da Malam Sabo, direban wani kamfanin motocin haya, mutumin Haɗeja, wanda ke kai Yumma asibiti. Ina kokawar ɗaga kekenta in sa a bayan mota na ce, "Wayyo bayana." Sai na ji an ce, "Ke 'yar ina ce?" Saura kaɗan in saki keken. Wata biyu rabona da in ji Hausa daga bakin mutum mai rai, ba ta waya ba. Shi ya faɗa mini akwai Kiristocin arewa da ke taruwa ranar Juma'a, don yakan ɗauki wasu nas-nas zuwa can. Yumma ce ta sa ɗanta ya ba ni ranar. Ta kama hannuna ta nuna sama, ta nuna ƙofa, na gane nufinta.

Wurin ibadar yana can bayan gari, cikin katanga. Babu gicciye a waje, babu ƙararrawa. Masu gadi suna duba katin kowa a ƙofa. A ciki kowace ƙungiya da ɗakinta da lokacinta, kafin ku gama addu'ar rufewa wasu sun riga sun yi layi a bakin ƙofa da gangunansu. Mu masu Hausa ba mu kai hamsin ba. Jagoranmu Dattijo Ishaku, mai aikin gwajin jini ne a wani asibiti, ba fasto ba. Da aka ɗauki waƙa da Hausa, hawaye kawai nake yi.

Cikin wata na huɗu mudir ya sake kirana. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Hukumar asibitocin jiharmu ta amsa. Layi ɗaya ne: ba su da shaidar cewa mai wannan suna ta taɓa aiki da su.

"Kin san ma'anar wannan?" in ji shi. "A wurin mutanen nan, takardar jabu kika kawo. Kina da wata uku ki ɗaukaka ƙara. Idan amsar ba ta canza ba, khalas, shi ke nan. Jirgi, kuma sunanki ya shiga baƙin littafi. Babu asibitin da zai ƙara kallon ki a duk yankin nan."

Shekara shida. Daren Kirsimeti nawa na kwana a tsaye a ɗakin tiyatar nan. Matar shugaban hukumar da kanta, ni na cire mata zare bayan an yi mata aiki.

Na roƙi Mama ta je hukumar, amma kada Baba ya sani. Sau uku tana zuwa ana ce mata ba a ga fayil ba. A zuwa na uku wata akawu ta bi ta har bakin titi, ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Mama, ku daina wahalar da ƙafarku. Fayil yana nan a teburin oga. Ba ɓata ya yi ba."

Ranar Juma'a na tsayar da Dattijo Ishaku bayan sujada, na kwashe komai na faɗa masa. Na ce ikkilisiya ta tashi ta yi wani abu. Su je wurin kafil ɗina, mai kamfanin da sunansa ke kan bizata, ko su rubuta wa masu ba da lasisi cewa sun san ni.

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "'Yata, nan baƙi muke. Ikkilisiya ba ta da kujera a kowane ofis a ƙasar nan. Ɗaki aka ba mu da awa biyu. Idan na ɗauki sunan coci na shiga ofishin gwamnati, ɗakin ma za mu iya rasawa."

Suka kewaye ni suka yi addu'a. Zumuntar mata ta haɗa mini shinkafa da man gyaɗa da daddawar da wata ta kawo daga gida. Na gode musu, har yau ina gode musu. Amma ba abin da na je nema ke nan ba. A gida ikkilisiya tana da haƙora, da su ta cije ni. A nan da nake neman wanda zai tsaya mini, ko ɗaya ba ta da shi.

Saura wata ɗaya wa'adin ya cika, Malam Sabo ya zo ɗaukar Yumma yana murmushi.

"Sista, mutanenku sun zo. Gwamnanku da tawagarsa, wai neman masu zuba jari. An yi hayar motocin kamfaninmu. Ni wani babban malaminku nake tuƙawa, mai riga shunayya da sarƙa a wuya."

Ranar Juma'ar nan Baba Bishop ne ya yi mana wa'azi. Ya ajiye sarƙar a mota kafin ya shigo, kamar yadda aka ba shi shawara. A kan biyayya ga masu mulki ya yi magana. Bayan an tashi na kutsa cikin masu gaishe shi, na durƙusa. Ya gane ni nan take.

"Briskila 'yar Yohanna! Ashe nan kika ɓuya. Ki same ni a masauki gobe da la'asar."

Malam Sabo ne ya kai ni, a lokacin hutunsa. Otal ɗin irin wanda ƙafa ke nutsewa cikin darduma ne. Baba Bishop yana zaune a zauren baƙi, an ajiye masa shayi da dabino. Na sake durƙusawa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Ni da babanki kwano ɗaya muka ci a makarantar Baibul," ya ce. "Ya fi ni ƙwaƙwalwa, ban taɓa musu ba. Amma ke yarinya ce. Ba ki ga zamanin da ko masinja ba mu da shi a gidan gwamnati ba. Mu nemi filin gina coci a yi shekara goma ana yawo da mu. Yaranmu su ci jarrabawa a ba wasu aikin. Da ƙyar muka shiga ɗakin nan. Idan kowane fasto ya ce zuciyarsa zai bi, gobe a waje za mu sake tsintar kanmu. Kin ga dai yadda kuke a nan, bayan katanga."

"Baba, ni fayil ɗina nake roƙo. Na yi aikin nan. Kowa ya san na yi."

"Na sani, 'yata. Amma ai ba ni ne hukumar asibitoci ba." Ya ɗauki dabino ɗaya ya duba shi. "Akwai sujadar godiya da za a yi wa mai girma gwamna ƙarshen wata. Idan ɗan'uwana Yohanna ya zo gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, zukata za su yi sanyi. Idan zukata suka yi sanyi, abin da ya ɓata yakan fito."

Na ce, "Baba, ba zan iya faɗa masa wannan ba. Gara a mayar da ni gida."

"Ba sai kin faɗa masa ba," in ji shi.

Sannan ya ɗora hannunsa a kaina ya yi mini addu'a, doguwa, mai daɗin ji. Ya roƙi Ubangiji ya buɗe mini ƙofofin da aka rufe. Na ce amin. Wannan amin ɗin har yau ban yafe wa kaina ita ba.

A hanyar komawa Malam Sabo ya tsaya a wani ɗan shago ya sayo mini shayin madara da suke kira karak a kofin takarda. Sai da na sha rabi ya ce, "Mu ma muna da irinsu, Sista. Malamin da ya shiga motar gwamna ba ya ƙara ganin ramin da ke hanya. Ki sha, kada ya huce."

Na yanke shawara in bari wa'adin ya cika a kore ni. Na fara raba 'yan kayana. Na ce wa Mama ta bar maganar, ta ce to.

Saura kwana shida mudir ya kira ni, wannan karon da fara'a. Hukumar ta sake rubutowa. Sun ce kuskuren ma'aikaci ne, sun tabbatar da shekaruna shida, har da yabon hali. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini fasfona. Na fito bakin titi cikin rana ina dariya ni kaɗai. Na ɗauka addu'ar zumuntar mata ce ta ci. Na kira Mama ina ihu.

"Mun gode Allah," ta ce. Muryarta kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Ki huta."

Da yamma wata tsohuwar abokiyar aikina ta turo mini bidiyo, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Babban cocinmu ne, cike maƙil. Gwamna a kujerar gaba da matarsa. Sai ga Baba ya fito daga gefe, cikin kwat ɗinsa baƙa wadda kafaɗunta suka yi masa yawa tun da ya rame. Takarda a hannunsa. Baba da yake wa'azin awa guda ba ya duba rubutu, ranar yana bin layi da yatsa. Ya ce girman kai ne ya ruɗe shi. Ya ce ya yi wa iyayensa na ruhaniya rashin biyayya, ya kuma ɓata sunan bawan Allah da aka ɗora a kan jiharmu. Ya ce fadamar da aka karɓa, don amfanin kowa aka karɓe ta. A nan muryarsa ta tsaya, sai da ya sake karanta layin. Sannan ya dafa gwiwa ya durƙusa, a hankali, don gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Baba Bishop ya bar shi a ƙasa na ɗan lokaci kafin ya sauko ya ɗaga shi ya rungume. Gwamna ya fara tafi, coci ya ɗauka, mawaƙa suka tashi.

Daga baya Mama ta faɗa mini sakataren Baba Bishop ne ya je har gida, kwana biyu bayan dawowarsu daga Doha. Ya zayyana wa Baba komai, har da baƙin littafi. Baba ya tambayi Mama ko gaskiya ne, ta ce gaskiya ne. Sai ya ce ta goge masa kwat.

An mayar da shi ikkilisiyarsa. Lahadin farko rabin bencunan babu kowa. Mutanen fadama, waɗanda suka riƙa kawo masa hatsi a ɓoye duk lokacin da yake a dakace, su ne ba su zo ba. Wani tsoho da suka yi shekara ashirin suna zama tare ya gan shi a kasuwa ya tsallaka ɗaya gefen. Ba zan ga laifinsu ba. Shi kaɗai ne mai rigar fasto da ya taɓa cewa an zalunce su, kuma sun ji shi da kunnensu yana janyewa. Bayan wata biyu ya rubuta takardar ritaya. Hedkwata ta karɓa da sauri, ta aiko masa da agogon bango.

Ni kuma na zauna jarrabawar lasisi na ci. Wani asibiti mai zaman kansa a Al Sadd ya ɗauke ni, ɗakin wanke gyambo. Yumma ta yi kuka ranar da zan tafi, ta cusa mini kwalbar turare a jaka. Na sami ɗaki mu biyu kacal, da taga mai kallon titi. Duk wannan lokacin da Mama kawai nake magana. Idan ta ce ga babanki, sai in ce ana kirana. Ban san da wane baki zan gaishe shi ba. Haushinsa nake ji, ina jin kunyarsa, ina kuma cin abincin da durƙusonsa ya saya mini.

Ranar da aka ba ni katin lasisi, da safe ne, saura rabin awa in shiga aiki. Na zauna a matakalar bayan asibitin na kira lambarsa kai tsaye. Ya ɗauka a bugu na biyu.

"Briskila."

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

Na yi niyyar in yi ta gaisuwa har lokaci ya ƙare. Amma sai na ji na ce, "Baba, me ya sa? Da ka bari na dawo. Da na sayar da ko ƙosai ne."

Ina jin kaji a bayansa.

"Na yi kwana uku ina neman ayar da za ta ce mini in bar ki," ya ce. "Ban samu ba. Ta cewa in yi ƙarya ma ban samu ba. Sai na zaɓi zunubin da zan iya ɗauka."

Na matse wayar a kunne, ya ci gaba.

"Mamanki ta ce yau za a ba ki katin. Yana hannunki?"

"Yana hannuna."

"Karanta mini."

Na karanta masa, da Turancin da komai, lambar da ranar ƙarewa.

"Sunan fa? Yaya suka rubuta?"

"Briskila Yohanna."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa.

"To," ya ce. "A can dai sunan yana da sauran daraja. Ki riƙe shi da kyau. Tashi ki shiga, kada ki makara."

Na goge fuskata, na maƙala katin a ƙirji, na shiga. Mutum huɗu suna jirana a benci.